Kujerar da Saba Ta Riƙe

Litinin, da hantsi

Falonmu ya zama ofis. Injiniya ya janye teburin cin abinci zuwa jikin taga, ya jera kwamfuta biyu da wani ƙaramin akwati baƙi mai ƙyafta ido, ya bi da wayoyi ta ƙarƙashin kafet har ƙofar kicin. Ni kuma an bar mini ɗaki. Ba wanda ya ce kada in fito, amma daga safe zuwa magariba yana cikin taro ta waya, kuma ya roƙe ni kada a ji ƙarar tukunya ko ta takalmi. Na ce ai ni dama ba ni da ƙara. Ya ce ya sani, shi ya sa ya aure ni. Muka yi dariya.

Na ce ya gaya mini abin da za su yi, ko na san abin da nake yi wa shiru. Kamfanin motocin da yake wa aiki yana da manhajar sayar da tikiti, wadda mutum zai zaɓi kujera a wayarsa ya biya. Ashe manhaja ba a iska take zaune ba, tana da gida, shi suke kira saba. Sabar da take ciki ta tsufa, waɗanda suka gina ta sun daina gyara ta, don haka za a kwashe manhajar da duk tarkacenta a kai ta wata sabuwa. Duka biyun na kyauta ne, wai mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina, kowa yana iya buɗe cikinsu ya duba. Na ce to in ta lalace wa za ku kira? Ya ce ba kowa, sai dai ka rubuta tambayarka a zauren tattaunawa ka jira wani mai tausayi ya farka.

Ƙaura suke ce wa aikin. Kafin a gama an daskarar da komai: ba sabon gyara, ba hutu, ba tafiya.

Sai da ya gama cin abinci na gaya masa maganar Yaya. Mijinta ya kira jiya, likita ya ga wani abu a hoton da aka ɗauka, za su sake dubawa. Injiniya ya ajiye cokali ya riƙe hannuna. Ya san ita ta raine ni tun rasuwar Mama, ba sai na tuna masa ba. Ya ce ba ya so in yi tafiyar yini guda ni kaɗai, in bari bayan ƙaura mu tafi tare.

Kalmar "tare" ta yi mini daɗi. Na hango mu a kujera biyu, ni a gefen taga, kaina a kafaɗarsa.

Laraba, bayan azahar

Na san abokan aikinsa duka ta bango, ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Akwai Oga, mai murya kamar yana sa hannu a takarda. Akwai Mai Tari, wanda ba ya fara magana sai ya gyara maƙogwaro. Akwai wata mace da na sa wa Mai Tambaya, kullum ita ce ke cewa, "Kun tabbata?" kuma kullum a ce mata an tabbata. A raina na ba Mai Tari gemu da tsohuwar soyayya da ta ƙi ci. In Allah ya sa na gan shi wata rana ba gemu, zan ji haushi.

Na samu wurin da ba a jin muryata: cikin kabad, tsakanin rigunan Injiniya. Can nake shiga in karanta wa Yaya littafin nan mai shuɗin bango, babi-babi, a saƙon murya. Labarin wata mai ɗinki ne da matuƙin jirgin ruwa da ya ce zai dawo kafin ruwa ya sauka. Yaya ce ta fara ɗora mini littafi a hannu, yanzu idonta ba ya jure rubutu, sai na rama.

Ta aiko da amsa, muryarta ƙasa-ƙasa amma bakin yana nan: wai matuƙin nan maƙaryaci ne, ta gane shi tun babi na biyu, duk namijin da ke yawan kallon teku yana da wata a ƙetare. Ta ce, "Auta, daga cikin rijiya kike karantawa?" Na ce daga cikin kabad. Ta yi dariya har tari ya katse ta.

Juma'a, da yamma

Gobe ƙaura. Na wanke kayan tafiyarmu na goge, na shi da nawa.

Lahadi, bayan la'asar

Sun tafi sun dawo.

Haka ya faɗa mini, yana tsaye a ƙofar kicin da kofin shayi da ya huce. Sun kai manhajar sabon gida, ta shiga lafiya, sai ta ƙi gane kowa. Ma'aikatan tasha suna sa sunansu da lambar sirri tana cewa ba ta san su ba. Wai kowace saba da yadda take tsare ƙofa, tsohuwar tana da nata salon, sabuwar ba ta jin wannan yaren. Da rana ta yi tsaka Oga ya ce a koma. Suka sake kwashe komai suka mayar tsohon gida.

Na ce ashe ana iya komawa. Ya ce wannan karon dai, don sun bar ƙofar baya a buɗe. Asabar mai zuwa za su sake.

Na ce to mu fa? Ya ce bayan ƙaura.

Na mayar da kayan cikin kabad. Nasa kawai na rataye.

Talata, da safe

Mijin Yaya ya kira. An sa rana. Ba Litinin mai zuwa ba, ta bayanta. Ba zan rubuta sunan abin ba, shi ma bai faɗa ba, cewa ya yi "aikin". Ya ce tana ta tambaya ko na samu mota.

Talata, bayan magariba

Na gaya masa. Ya lumshe ido ya lissafa a ransa, ya ce akwai lokaci: Asabar su ƙaura, Lahadi su sa ido, ranar Talata mu kama hanya, mu samu kwanaki tare da ita kafin ranar. Ya faɗa da gaskiyarsa. Abin da ke ba ni wahala ke nan da mutumin nan, bai taɓa yi mini ƙarya ba, sai dai gaskiyarsa ta yi ta matsawa gaba.

A littattafai, idan jaruma ta shiga irin wannan hali, jarumi yakan ture kujera ya ce duniya ta tsaya. Nawa jarumin ya sumbaci goshina ya koma ya rubuta tambaya a zaure. Wani mai hoton kyanwa ya amsa masa daga wata ƙasa da ban san inda take ba. Na ji shi yana cewa Allah ya yi wa kyanwar nan albarka.

Alhamis, da azahar

Bango, kabad, gado, taga. Ta tagar ana ganin bayan gidan maƙwabta da igiyar shanya. Yau zanin gado biyu ne da rigar makaranta.

Na ƙona shinkafa don ina tsoron buɗe murfi da ƙarfi.

Asabar, da yamma

Manhajar ta zauna a sabon gida.

Na ji ihun Mai Tari ta bango, ko gyaran maƙogwaro bai yi ba. Injiniya ya shigo ɗaki ya ɗaga ni sama, ya ja ni falo ya nuna mini allo: layuka duk sun yi kore shar. Ya ce kore yana nufin lafiya. Oga ya ce a kashe tsohuwar sabar a rufe ƙofar baya, kada kowa ya yi sha'awar komawa. Mai Tambaya ta ce, "Kun tabbata?" Aka ce an tabbata.

Na tausaya wa tsohuwar. Shekara da shekaru tana ɗauke da su, ko sallama ba wanda ya yi mata.

Lahadi, da hantsi

Yana barci kamar wanda aka zare wa waya. Na ɗauki wayata na buɗe manhajar, na nemi motar safiyar Talata. Hoton cikin motar ya fito, kujeru ƙanana a jere, wasu ja wasu kore. Na taɓa ta gefen taga a layi na huɗu, na taɓa ta kusa da ita, suka koma ja. Rubutu ya fito cewa an riƙe mini su na ɗan lokaci, in ban biya ba za a saki. Ban biya ba. Shi zai saya, haka muka yi. Na dai so in gan mu zaune.

Na karanta wa Yaya babi biyu. Saura na ƙarshe. Na ce mata wannan ba zan aiko ba, sai na zo in karanta mata baki da baki. Ta ce, "Garkuwa kika yi da ƙarshen labari, Auta? To ki yi sauri, ni ba mai haƙuri ba ce."

Litinin, bayan la'asar

Kore bai hana komai ba.

Tun safe muryar Oga ta canza. Abin da na tsinta ta bango: allon yana nuna motoci duk sun cika, na yau da na gobe da na jibi, amma abin da ya shiga asusun kamfani bai yi kama da na cikakkun motoci ba. Suna zargin hanyar da ke tsakanin sabuwar saba da banki, wai a nan abu ke zubewa. Oga ya ce ba wanda zai motsa daga kujerarsa sai an gano.

Da ya fito shan ruwa na bi shi da kallo. Ya ce, "'Yar littafi, ko da Oga ya sake ni, ba kujera. Duba ki gani, har ƙarshen mako a cike suke."

Na duba. Ja, ja, ja. Har biyun nan na layi na huɗu.

Na ce to yaushe? Ya buɗe baki, na ga kalmar tana tahowa, sai ya tuna an riga an yi ƙaurar. Ya rufe bakin.

Talata, da azahar

Na fita da sassafe. Na ce masa kasuwa. Abin sauraro yana kunnensa, bayansa yana ƙofa, ya ɗaga hannu bai waiwayo ba. Da ya waiwayo da ya ga ba da kwandon cefane na fita ba.

Ba zan rubuta inda na je ba.

Akwai benci na ƙarfe mai sanyi, da warin man mota, da wata tsohuwa zaune a kan buhu tana kuka ba sauti. Akwai taga mai raga, a bayanta wani mai tikiti da ya gaji da maimaita magana ɗaya. Ya juyo mini da allonsa don in gani da idona, kujeru duk ja. Na ce ya rubuta mini na takarda. Ya ce an hana tun da aka koma waya, in ya yi, a bakin aikinsa. Na ce ai ga motar can ba kowa a ciki. Ya ce shi ma yana da ido, Hajiya, mutanen sun saya ba su zo ba, ya gaya wa manajansa, manaja ya ce babban ofis sun ce komai kore ne.

Na roƙi direba. Ya ce da motarsa ce da ya ɗauke mu duka, amma akwai mai duba tikiti a hanya.

Akwai ƙananan motoci a ƙetaren titi, masu canjin mota sau biyu da kwana a hanya. Yaya ta sa na yi mata alkawari tun ina budurwa ba zan taɓa shigarsu ba. Na daɗe ina kallonsu.

Motar ta tashi a gabana. Ta gilashi na ga kawuna 'yan kaɗan, a warwatse kamar haƙoran tsoho. Layi na huɗu, gefen taga, ba kowa. Labulen yana ta kaɗawa.

Na dawo. Bayansa yana ƙofa. Ya ce, "An samo kifin?" Na ce babu mai kyau.

Laraba, da safe

Jakar da na fita da ita jiya tana bayan ƙofar ɗaki. Ban kwance ta ba.

Laraba, bayan la'asar

Yini guda suna bin hanyar banki. Sun kira mutanen banki, mutanen banki sun ce su lafiyarsu ƙalau. Injiniya yana karanta rubutun da saba ke zubowa, dogayen layuka marasa kan gado, idonsa ya yi ja kamar kujerun. Mai hoton kyanwa ya ce bai ga laifi a abin da aka nuna masa ba. Na ji Oga yana cewa mutanen tasha suna ta ƙorafi, amma su kullum cikin ƙorafi suke, a fara gano inda kuɗi suka maƙale.

Ni ban san saba ba. Abin da na sani, motar da suke cewa ta cika, na gan ta.

In na faɗa, zai ce ya aka yi na gani.

Na kai masa shayi na tsaya a bayansa har ya huce a hannuna. Ya ce akwai magana ne? Na ce sukari nake tunanin ko na sa.

Alhamis, da hantsi

Yaya ba ta aiko saƙon murya ba. Mijinta ya rubuto cewa an kwantar da ita, suna shirya ta, magana tana gajiyar da ita.

Na shiga kabad na zauna ba tare da littafi ba.

Alhamis, da yamma

A littattafai, matar da ta fita da jaka ba da sanin mijinta ba, babi uku ake yi ana rikici a kanta. Akwai marin da ba a yi niyya ba, akwai ruwan sama, akwai uwar miji. Na karanta irinsu sun fi a ƙirga, kuma kullum ina bayan matar. Ban taɓa tunanin abin da zan ji tsoro ba faɗa ba ne. Fuskarsa nake tsoro, lokacin da zai gane cewa na daina jiran "tare".

Zanin gado ɗaya yau a igiya.

Juma'a, bayan la'asar

Na faɗa.

Ba shiri na yi ba. Ya shigo ɗaki neman cajar waya, ya zauna a bakin gado kamar an sauke buhu. Ya ce ya sake dubawa saboda ni, ko kujera ɗaya ce ya samo mini in tafi ni kaɗai, ya haƙura da taren, amma babu, har ta Lahadi a cike take. Ya ce bai taɓa ganin mutane suna tafiya haka ba.

Na ce, "Ba sa tafiya. Motar safiyar Talata kusan ba kowa a cikinta."

Ya ce wa ya gaya mini. Ya bi inda idona ya ƙi kallo, ya tura ƙofa da ƙafa, ga jaka. Ya daɗe yana kallonta. Ba mari, ba ruwan sama. Cewa ya yi, a hankali, "Kifi."

Na ce Yaya ce. Ya ce ya sani. Ya ce, "Kin wuce ta bayana da wannan, kin dawo ta bayana da ita?" Na ce e. Ya sa fuskarsa a tafin hannunsa. Ban san ko ni yake jin haushi ko kansa ba, kuma ban tambaya ba.

Don in cike shirun na ce har kujerun da na taɓa mana ranar Lahadi ba kowa a kansu, na layi na huɗu. Ya ɗago. Ya ce waɗanne kujeru? Na ce na taɓa ne kawai ban biya ba, wasa nake. Ya ce kuma da na duba ranar Litinin ja ne? Na ce ja ne.

Ya miƙe ya fita ba tare da cajar ba.

Juma'a, bayan magariba

Ta bango na ji sauran, sannan ya zo da kansa ya ƙarasa mini, yana tsaye, bai zauna kusa da ni ba.

Duk wanda ya taɓa kujera, manhaja tana riƙe masa ita. Wanda bai biya ba, akwai wani agogo da ke zagayowa lokaci-lokaci yana sakin kujerarsa. Kowa ya ɗauka agogon a cikin manhajar yake. Ashe wani ma'aikaci da ya bar kamfanin tun kafin zuwan Injiniya, a jikin tsohuwar sabar ya kafa shi, cikin saitinta, bai rubuta a ko'ina ba. Suka kwashe kayan ɗaki kaf, suka bar abin da ke kafe a bango. Tun ranar Asabar duk mai taɓawa ya fasa, duk wanda katinsa ya ƙi, duk mai mafarki irina, kujerarsa tana nan a riƙe. Allon kuma ba ya bambanta riƙaƙƙiya da sayayya, duk ja ne a wurinsa. Ba abin da ya zube a hanyar banki. Ba a saya ba ne.

Na ji Mai Tambaya tana cewa ita fa ta tambaya.

Na ce masa kenan tsohuwar tana yin wani aiki da ba wanda ya san tana yi. Ya ce e, sai da aka kashe ta. Ya kalle ni kamar zai ƙara wani abu, sai wayarsa ta yi ƙara.

Asabar, da azahar

Sun kunna tsohuwar na ɗan lokaci don su leƙa yadda aka kafa agogon. Sabuwar ba ta karɓar irinsa, sai da ya sake rubuta shi da nata salon, mai hoton kyanwa yana gyara masa. Ya kira ni falo, karo na farko da rana tsaka. Ya ce in buɗe motar gobe in riƙe wayar.

Ja, ja, ja. Sai ɗaya ta yi kore. Sai layi guda. Sai suka yi ta buɗewa kamar ana kunna fitilun unguwa.

Ya karɓi wayar ya taɓa ta gefen taga a layi na huɗu, ya biya nan take. Ɗaya. Ya ce tasa sai gobe a tasha, zai kira Oga da safe, tunda an gano ai ba dalilin riƙe shi.

Mun ci abinci a tebur ɗaya, a gefen kwamfutoci. Bai tayar da maganar jaka ba. Da zan kwashe kwanuka ya ce in bari, ya kwashe da kansa, ya yi ta buɗe kabad ɗin kicin yana neman inda ake ajiye soso.

Lahadi, da hantsi, a mota

Rubutuna zai karkace, hanya ba ta da kyau.

Shi ya ɗauko jakar. Tashar ta cika, mai tikiti yana ta aiki har da murmushi, bai gane ni ba, ko ya gane ya rufa mini asiri. Injiniya ya tsaya yana kallon layin mutane da bencin ƙarfe da tagar mai raga. Ya ce shekarunsa nawa yana wannan aiki bai taɓa shigowa nan ba.

Ya zaunar da ni, ya taɓa kujerar kusa da ni a wayarsa ta koma ja, ya ce yanzu zai biya, bari ya ji daga bakin Oga. Ya sauka ya tsaya a ƙarƙashin tagata da waya a kunne. Ba na jin Oga, amma na san muryar, na san tsawonta. Injiniya yana cewa e, Oga. Haka ne, Oga. Amma, Oga. Ya juya baya, ya juyo, ya share goshi.

Wayata tana kan cinyata a buɗe. Ina kallon kujerarsa, ja. Na yi mata addu'a kamar mai rai. Direba ya tayar da inji.

Sai ta yi kore.

Ban ɗaga kai ba tukuna. Ba a daɗe ba ta sake yin ja, kuma na san ba shi ba ne, don hannunsa yana kan waya a kunne. Wata mata mai kwando da yaro a goye ta hawo tana haki, tana duba lamba, ta ce, "Baiwar Allah, nan ne?" Na ce nan ne. Ta ce tun ranar Laraba take zarya, yau Allah ya yi.

Na ɗaga wayar na manna a gilashi. Ya matso ya duba, ya duba matar, ya duba ni. Ya sauke wayarsa daga kunne, Oga yana ta magana shi kaɗai a ciki.

Na buɗe tagar na ce, "Agogonka yana aiki, Injiniya."

Ya yi wata irin dariya da ba ta kai ido ba. Ya ce in gaida Yaya, in ce mata yana tafe. Bai ce bayan komai ba. Motar ta ja, ya biyo ta 'yan taku, sannan ya tsaya a tsakiyar tasha da hannu a sama.

Matar ta ba ni riƙon yaron don ta gyara kwando. Ya yi barci a kafaɗata.

Litinin, da safe

Jiya na same ta. Ta rame har zoben hannunta yana juyawa, amma da ta buɗe ido ta gan ni cewa ta yi, "Ina jarumin?" Na ce yana tafe. Ta ce haka matuƙin jirgin ma ya ce.

Ta tambaya ko ya dawo a ƙarshe. Na ce ban sani ba, ban karanta ba, tare za mu ji. Ta ce ƙarya nake, ni da ba na iya barin littafi ya kwana. Na nuna mata shafukan, ko lanƙwasa babu.

Jiya ta gaji, ba a bar ni na daɗe ba. Yau da sassafe na fara karanta mata. Mai ɗinki ta sauko bakin ruwa, hadari ya haɗu, an hango wani jirgi daga nesa ba a gane tutarsa ba. Saura shafi biyu ma'aikatan jinya suka shigo da gadon turawa. Na ce su ɗan ba mu lokaci kaɗan, suka ce likita yana jira.

Yaya ta kama hannuna ta tura yatsana tsakanin shafukan, ta rufe littafin a kansa. Ta ce, "Riƙe mini wurin. Kada ki leƙa."

Ina zaune a benci a gaban ƙofa mai jan fitila. Mijinta yana ta kai da kawowa. Waya ta yi motsi a jaka, na san ko wane ne, zan duba an jima. Da hannu ɗaya nake rubutun nan, littafin rubutun a kan gwiwa, shi ya sa layin ke gangarewa.

Yatsan ya fara sanyi. Yana wurin.